Kafin A Ɗora Ruwan Wankan Gawa

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, ka san yadda muke yi a nan Zabi, da Samaru, da Sabon Gari: mutum ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Wannan daidai ne, gaggauta jana'iza sunna ce. To amma akwai mutuwar da ke zuwa da tambaya. Mutum jiya lafiyarsa lau, yau an tarar da shi a ɗaki. Ko an tsamo shi daga Kubanni. Ko an tsince shi a bayan gari da rauni a ka. A irin wannan, 'yan awoyin da ke tsakanin ganin gawa da wankanta su ne lokacin da gaskiya take a fili. Da zarar an zuba ruwa an share ɗaki, da yawa daga cikinta ya tafi ke nan, sai zargi ya maye gurbinta.

Kada ka ɗauka karanta alama baƙon abu ne a wurinmu. Kai da ka karanta Suratu Yusuf ka san da riga aka raba gardama: da aka ga ta baya ta yage, aka gane wanda yake gudu da wanda yake bi. Malaman fiƙihu suna kiran irin wannan ƙarina, kuma Ibnu Farhun, babban malamin Malikiyya, ya yi dogon bayani a kanta cikin Tabsiratul Hukkam. Abin da likitan binciken gawa yake yi a yau shi ne duba rigar nan, sai dai da madubin ƙara girma da ɗakin gwaji.

Abu na farko da yake dubawa shi ne kwanciyar jini. Idan zuciya ta tsaya, jini yakan gangara ya taru a gefen da ke ƙasa, kamar yadda ƙullu yake kwantawa a gindin ƙwarya. Bayan kamar awa 8 zuwa 12 sai ya zauna daram, ko an juya gawar ba ya tashi. Saboda haka in aka tarar da mutum rub da ciki, alhali jinin ya taru a bayansa, likita zai ce maka a rigingine ya mutu, wani ne ya juya shi ko ya kawo shi nan daga baya. Na biyu sandarewa. Takan fara daga muƙamuƙi da wuya bayan awa 2 zuwa 6, ta game jiki wajen awa 12, sannan ta saki bayan kwana ɗaya ko biyu. Sai sanyin jiki, wanda littattafan Turai suke ji da shi. Amma fa a bazarar Zariya, lokacin da zafin gari yake kai na jikin mutum, gawa ba ta hucewa yadda littafi ya ce, kuma ruɓewa takan yi sauri. Shi ya sa likita na gari ba ya cewa ƙarfe kaza daidai aka mutu, sai dai ya ce tsakanin kaza da kaza. Idan an kwana biyu, hatta tsutsar ƙuda aunawa ake yi, don girmanta yana nuna tsawon lokaci.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya. Da hunturu mutane kan shiga ɗaki da kaskon gawayi su toshe taga, wasu kuma su tayar da janareta a zaure ko a cikin shago su kwanta. Gawayi da janareta suna fitar da wata iskar guba, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. Takan kama jini fiye da iskar numfashi sau sama da 200, mutum ya zarce daga barci. Da safe a tarar da uwa da 'ya'yanta duk sun tafi. Me za ka ji a unguwa? Wannan ya ce aljanu, wancan ya ce kishiya ce ta sa wani abu a tuwon dare. To wallahi gwajin jini ɗan kaɗan ya isa ya kashe maganar, domin jinin wanda iskar nan ta kashe ja ne jawur fiye da ƙa'ida, ana ganin haka a ƙarƙashin farce, kuma ɗakin gwaji zai auna yawanta. In ba a yi ba, baiwar Allah za ta ƙare rayuwarta ana nuna ta da baki a kan abin da ba ta san hawa ba balle sauka.

Haka wanda aka tsamo a ruwa. Da ransa ya faɗa, ko gawarsa aka jefa? Ana duba kumfa a hanci da baki, da yanayin huhu, wani lokaci har a nemi ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani a cikin ɓargo, don sai zuciya tana bugawa suke isa can.

Ko ikirari ma bai wadatar ba. A shekarar 1986 a Ingila wani saurayi ya amsa laifin kashe wata yarinya, sai gwajin ƙwayar halitta na DNA, wanda Alec Jeffreys ya gano a Jami'ar Lesta a 1984, ya nuna ba shi ba ne. Ainihin mai laifin a 1988 aka ɗaure shi. A Kano kuwa, yarinyar nan 'yar shekara 5 da aka sace a Disamba 2021 tana dawowa daga Islamiyya, Allah Ya jiƙanta, duk da mai makarantar bokonsu ya amsa da bakinsa, sai da aka tono gawarta a Janairu 2022 aka kai asibiti, kafin Babbar Kotun Kano ta yanke masa hukuncin kisa a Yuli 2022.

Na san abin da ke ranka: a yanka ɗan'uwanmu Musulmi? Alfarmar mamaci kamar ta mai rai ce, ba gardama. Amma Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a 1976, da Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 1987, duk sun halatta buɗe gawa idan alƙali yana buƙatar sanin sanadin mutuwa, gwargwadon lalura, sannan a binne komai. Kuma ba kowace gawa ake buɗewa ba, wani lokaci duba na waje da ɗibar jini sun isa. A wajenmu 'yan sanda ne suke kai rahoto ga majistaren da ke binciken mutuwa, wanda ake ce wa korona (ba cutar nan ba), shi kuma ya umarci likita. Muna da sa'a ma, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello nan a Shika, da sashen binciken cututtuka da mutuware. Gaskiya ne akwai jinkiri da zirga-zirgar takardu masu ƙona rai, kuma kayan gwajin DNA sun yi mana ƙaranci ƙwarai a ƙasar nan. Wannan dalili ne na a matsa wa hukuma ta gyara aikinta, bai isa ya zama dalilin binne hujja ba.

In Allah Ya sa kai ka fara isa wurin, ka tabbatar tukuna ko akwai sauran rai, don ceton rai ya riga komai. In ka ga kasko ko janareta, buɗe ƙofa da taga ka fita ka sha iska. In rai ya yi halinsa, ja ƙofa, hana jama'a shiga. Kada a ɗauki wuƙa ko kofi ko kwalbar magani, akwai zanen yatsa a jiki. Kada a zubar da sauran abinci, kada a wanke amai ko jini, kada a canza wa mamaci tufafi ko a yanke masa farce, domin wanda ya yi kokawa fatar abokin kokawarsa takan maƙale a nan. Wayarsa ma a bar ta yadda take. Ka duba agogo ka riƙe lokacin, sannan ka aika a kira mai unguwa da 'yan sanda.