Fitilar Mota Da Rana: Ɓarna Ce Ko Tsaron Rai?

Hazo ya sauka, ga shi kuwa lokacin tarurruka ne. Motocin ikilisiyoyinmu na Ƙafin Maiyaki da kewaye suna bin hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa ta dajin Falgore, cike da matan zumunta da mawaƙa. Muna roƙon direbobinmu su riƙa kunna fitila ko da rana, amma wasu dattawa sun ce ɓarna ce, wai batir zai mutu, mai zai ƙare.

To, 'yan'uwa, bari mu yi lissafi. Muddin inji yana aiki, altaneta ce take ba fitila wuta, tana kuma cika batir. Ƙwan fitila guda wat 55 yake ja, biyu 110 ke nan. Ƙarin man da wannan yake sha kaɗan ne ƙwarai, ko da yake tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowane ɗigo yana da daraja. Gaskiyar dattawa ɗaya ce: ƙwai zai riƙa ƙonewa da wuri. Sai ma'aji ya sayi biyu a ajiye cikin mota. Nawa ne kuɗinsu in an gwada da jinyar mutum guda?

Ƙasar Suwidin ta mai da wannan doka tun 1977, domin mai tahowa ya hango ka daga nesa kafin ya yi gangancin wuce tirela.

Abin da yake kashe batir shi ne a kashe inji a bar fitila kunne har a tashi sujada. Direba ya duba kafin ya shiga majami'a. Kada kuma a kunna babbar fitila mai kashe ido, ƙaramar ta isa.