Ko Ka Sani? Ana Iya Ƙara wa Wilin Mota Faɗi, Amma Taya Ce Ke Yanke Hukunci

Ko ka san cewa wilin ƙarfe na tsohuwar mota ana iya yanka shi gida biyu, a ƙara masa faɗi, a sake haɗe shi? Duk wanda ya san hanyar Sakkwato zuwa Illela, ta Kware da Gwadabawa har bakin iyakar Ƙonni, ya san irin hidimar da Peugeot 504 ta yi wa 'yan kasuwa. Motar ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975 kuma ya yi shekaru yana harhaɗa ta. Masu riƙe da ragowarta yau su ne wannan zance ya fi shafa.

Wilin ƙaramar 504 inci 14 ne, faɗinsa kusan inci 5, da noti huɗu a kan da'ira mai milimita 140. Motoci ƙalilan ne ke da wannan tsari, sai irin su tsofaffin Subaru. Wilin yawancin motocin zamani ba ya hawa kanta, shi ya sa mai son faɗi kan koma ga nasa na asali.

Yadda ake aikin: a ɗora wilin a injin da ke juya ƙarfe, a yanke shi a kewaye, a lanƙwasa wani ƙarfe mai kauri ɗaya da nasa ya zama zobe, a sa shi tsakani. Mai walda zai fara ɗiɗɗiga shi nan da can, a juya a ga ko ya miƙe, sannan a bi shi da walda gaba ɗaya. Karkatar milimita ɗaya ko biyu ta isa ta sa sitiyari rawa idan an ɗauki gudu. Ƙofa ɗaya mai kamar bakin allura a jikin waldar kuwa, iska za ta yi ta zurarewa daga tayar da ba ta da tif.

Sai tambayar ina faɗin zai nufa. In ya yi ciki, taya ta goge ƙarafan ƙafa. In ya yi waje, nauyi ya koma gefen boris ya cinye shi da wuri, taya kuma ta riƙa dukan jikin mota duk lokacin da aka faɗa rami da lodi.

Babban aikin shi ne samun taya. Kowace taya tana da iyakar faɗin wilin da aka ƙera ta dominsa. In wili ya fi ƙarfinta, gefenta ya miƙe ya ɗaure, bakinta na iya suɓucewa a kwana. A rubutu irin 195/70 R14, lamba ta farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu tsayin gefenta ne, wato kashi 70 cikin ɗari na faɗin, ta ƙarshe kuma girman wili. Tsohuwar tayar 504, wato 175 R14, tsayinta duka kusan milimita 635 ne. Ita 195/70 R14 kusan 629 ce, don haka ta dace duk da ta fi faɗi. Amma 195 R14C, wadda aka saba gani a ƙafar bas-bas, ta haura 660: tana ɗaga mota, tana kuma sa agogon gudu ya nuna ƙasa da gaskiya da kusan kashi 5 cikin ɗari.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: faɗin wili ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya. Iskar da ke cikin taya da ƙirar tayar ne ke ɗaukar nauyi, kuma an rubuta iyakarsa a jikinta. Lamba 88 na nufin kilo 560 kan taya guda, 102 kilo 850, 106 kuma kilo 950. Direban da ke loda buhunan albasa ranar kasuwar Illela, wannan lamba ce ta fi yi masa amfani. Haka nan a cikin rairayi, rage iska ya fi ƙarin faɗi taimako, domin yana tsawaita wurin da taya ke taka ƙasa, muddin an mayar da iskar kafin a hau kwalta.

Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Legas, tayoyin kasuwa galibi na waje ne, da yawa kuma na hannu. Don sanin shekarun taya, a duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke jikinta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, zafin Sakkwato kuma yana gaggauta hakan.

Don haka gwanayen wannan aiki kan fara da zuwa wurin mai taya. Sai sun tabbatar girman da suke so yana samuwa yau, zai kuma samu baɗi, sannan su auna, su kai wili a yanka. Wilin da aka yanke ba ya komawa yadda yake.