Masu Sayar Da Furanni A Amurka Sun Koma Gona Neman Ilmi

A ƙasar Amurka cinikin furanni babbar sana'a ce, domin mutanen can ba su cika yin biki, ko jana'iza, ko gaida mara lafiya ba sai da ɗaurin furanni a hannu. Amma wajen kashi 80 cikin 100 na furannin da ake sayarwa a ƙasar daga waje ake kawo su, yawanci daga Kolambiya da Ekwado. Shekara da shekaru mai kanti bai san gonar da hajarsa ta fito ba, iyakarsa ya buga wa dillali waya a aiko masa da kwali. To, ga shi yau waɗansunsu sun soma zuwa gonakin da ke kusa da su, suna sayen kaya a can, suna kuma koyon sana'ar tasu tun daga tushe.

Yadda aka yi furannin waje suka cinye kasuwar kuwa shi ne, cikin 1967 wani ɗalibi mai suna David Cheever ya yi rubutu a jami'ar Jihar Kolorado, ya nuna cewa filayen da ke kewaye da birnin Bogota sun dace da noman furanni, saboda suna kan tudu mai tsawon wajen mita 2,600, ga sanyi daidai wa daida, ga hasken rana duk shekara, ga kuma ƙwadago da araha. Cikin 1969 shi da abokansa suka kafa kamfani a can. Sa'an nan cikin 1991 Gwamnatin Amurka ta yi dokar da ta ɗauke kuɗin fito a kan kayayyakin Kolambiya da maƙwabtanta, don manoma su sami abin yi su bar noman ganyen da ake yin hodar iblis da shi. Daga nan jiragen sama suka riƙa sauke furanni a Miyami ba dare ba rana, manoman wardi na Kalifoniya da yawa kuwa suka rufe gonakinsu don sun kasa gasa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Mile 12 ya ga yadda tumatir ke isowa bayan doguwar tafiya, ya san halin kayan gwari. Fure ma haka yake. Wanda ya zo daga nesa yakan yi kwanaki a kwali ba ruwa kafin ya kai kanti. Saboda haka manyan gonaki suka fi shuka irin da ke jure tafiya, ko da ba shi da ƙanshi sosai, aka bar irin da ke saurin yaushi, kamar daliya.

Wata marubuciya ta birnin Seattle, Debra Prinzing, ita ce ta fi yayata maganar komawa ga na gida. Cikin 2012 ta fitar da littafi mai suna The 50 Mile Bouquet, watau ɗaurin furannin da aka noma cikin mil 50 daga inda za a sayar, cikin 2014 kuma ta buɗe jerin sunayen manoma da masu kanti a intanet don su san juna. Tun 2011 ma waɗansu manoman yankin sun riga sun kafa ƙungiyar gama kai da kasuwar sari a Seattle, inda mai kanti ke zuwa da sassafe ya yi ciniki da wanda ya shuka abin da hannunsa.

Abin da suke koya a wurin manoma ba kaɗan ba ne. Ana yankan fure da sanyin safiya ko da yamma, lokacin da karan ke cike da ruwa, a tsoma shi nan take cikin bokiti mai tsabta, a zage ganyen ƙasa don kada ya ruɓar da ruwan. Kowane iri da lokacin yankansa. Daliya ba ta ƙara buɗewa in an yanke ta, don haka sai ta kusa gama buɗewa ake cire ta. Tulif kuwa tun yana ƙunshe ake yanka, har yakan ƙara tsawo a cikin tulu. Har wa yau, ba a ajiye furanni kusa da nunannar ayaba ko tuffa, domin iskar da 'ya'yan itacen ke fitarwa tana kashe su da wuri. Mai kantin da ya san waɗannan ba ya zubar da kaya da yawa, mai saye kuma ya daɗe yana morar abin da ya saya.

Sai dai harkar tana da wuyarta. A yawancin jihohin arewacin ƙasar gona ba ta ba da kome cikin hunturu, ga shi kuwa ranar masoya, 14 ga Fabrairu, wadda ke cikin ranakun da aka fi ciniki, tsakiyar sanyi take faɗowa. Na gida kuma sau da yawa ya fi tsada. Dole mai kanti ya iya shawo kan amarya ta karɓi abin da lokacin ya bayar, ta haƙura da wanda ta gani a hoto. Shi ya sa da yawa ke haɗawa, su sayi na gida da bazara, su koma ga na waje in sanyi ya shigo.

Annobar korona ta 2020 ta nuna amfanin wannan sabo. Da zirga-zirgar jiragen sama ta tsaya, har aka riƙa zubar da tulin furanni a babbar kasuwar gwanjo ta ƙasar Holan, masu kanti da yawa a Amurka suka rasa kaya. Waɗanda suka saba da wani manomi a kusa, suka san hanyar gonarsa da abin da yake da shi a kowane wata, su ne suka fi samun abin sa wa a kanti.