Gundumar Yuanyang ta Ƙasar Sin: Inda Ake Noman Shinkafa a Jikin Dutse

Gabatarwa

Idan aka ambaci ƙasar Sin, abin da yake fara zuwa zuciyar mafi yawanmu shi ne manyan birane da masana'antu da kayan da suka cika mana kasuwanni. Amma akwai wata Sin ɗin ta ƙauye, wadda ba kasafai ake jin labarinta ba. Wannan maƙala za ta ɗauki gunduma guda ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare, wato Yuanyang, ta yi bayani a kan yanayin ƙasarta da tarihinta da harshen mutanenta da kuma hanyoyin neman abincinsu. Dalilin zaɓenta shi ne, a nan ne manoma suka sassaƙe duwatsu suka mayar da su gonakin shinkafa, kuma yau tambayar da ke gabansu ita ce, wa zai ci gaba da riƙe wannan aiki?

Yanayin Ƙasa

Yuanyang tana kudancin lardin Yunnan, a kudu maso yammacin ƙasar Sin, cikin yankin Honghe mai cin gashin kai na ƙabilun Hani da Yi. Faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita 2,200, kuma kusan dukkanta tana jikin jerin duwatsun Ailao ne. Ta arewa ta yi iyaka da Jan Kogi, wanda yake gangarawa ƙasar Biyetnam, ya ratsa birnin Hanoi, sannan ya faɗa teku. A ƙetaren kogin akwai Jianshui da kuma Gejiu, garin da ya yi suna wajen haƙar kuza.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara riƙewa shi ne bambancin tudu da kwari. Wuri mafi ƙasa a gundumar bai wuce mita 144 daga doron teku ba, alhali ƙololuwar dutse mafi tsawo ta kusa mita 2,940. Saboda haka mutum yakan bar garin Nansha, hedikwatar gundumar da ke bakin kogi, yana gumi, ya hau mota ya isa tsohon garin Xinjie da ke saman dutse yana neman rigar sanyi, duk a safiya ɗaya.

Wannan bambanci shi ne ya raba wa ƙabilun gundumar mazauni. Ƙabilar Dai tana zaune a kwari mai zafi kusa da kogi. Sama da su kaɗan akwai Zhuang, sai Yi, sannan Hani waɗanda ƙauyukansu suka fi yawa tsakanin mita 1,400 zuwa 2,000. Miao da Yao su ne a can sama cikin sanyi, su kuwa 'yan ƙabilar Han sun fi zama a garuruwa da bakin hanya. Hani su ne suka fi rabin jama'ar gundumar.

Yadda Ruwa Yake Hawa Dutse

Kowa ya san shinkafa ba ta yi sai da ruwa, kuma ruwa ba ya zama a gangare. To, yaya aka yi gonaki suke cike da ruwa a jikin dutse ba tare da babbar madatsa ko injin ban-ruwa ba? Amsar tana cikin abubuwa huɗu da suke jere daga sama zuwa ƙasa: daji, ƙauye, gona, kogi.

Zafin kwari yana sa ruwan kogi ya tashi ya zama tururi. Idan tururin ya hau sama ya gamu da sanyi, sai ya zama gajimare da hazo, ya sauka a kan dajin da ke saman dutse. Itatuwa da ƙasar dajin suna shanye ruwan su riƙe shi, su riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan ta idanun ruwa har cikin rani. Daga nan manoma suka haƙa magudanai da suke zagaye dutse kamar ɗamara, suna tare ruwan su kai shi ƙauye. Bayan mutane da dabbobi sun sha, sai ya wuce zuwa gona ta farko, ya cika ta, ya tsiyaya zuwa ta biyu, haka har ya koma kogi, inda zai sake tashi.

Gonakin kansu suna kama da matakala. Ana sare jikin dutse a daidaita shi, a yi masa kunya da laka a bakinsa don ta riƙe ruwa, kamar dai fangalin lambu. Inda gangaren yake da sauƙi gonar takan yi faɗi, inda ya yi tsanani kuwa wata ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba. A wasu wurare ana ƙirga hawa har 3,000 daga ƙasa zuwa sama.

Rabon ruwa shi ne abin da zai iya haddasa faɗa, don haka suka yi masa doka tun da daɗewa. Inda magudana ta rabu, ana gicciya gungumen itace ko dutse wanda aka yi wa tsaga-tsaga, kowace tsaga da faɗinta gwargwadon girman gonakin da za ta shayar. Ƙauye kan zaɓi mutum guda ya riƙa bin magudana yana share ta, yana kuma lura kada wani ya taɓa ma'aunin, a biya shi da shinkafa bayan girbi. Hatta taki ma ruwa ne yake kai shi gona. Ana tara kashin dabbobi a wani rami a gefen ƙauye, idan lokacin shuka ya zo sai a buɗe ramin a sako ruwa ya kwashe takin ya rarraba shi. An ga amfanin wannan tsari a lokacin babban farin da ya auka wa kudu maso yammacin Sin daga 2009 zuwa 2010, domin gonaki da yawa a lardin sun bushe, amma mafi yawan na Hani ba su rasa ruwa ba.

Taƙaitaccen Tarihi

Bisa ga tarihin baka na Hani, kakanninsu daga arewa suka taso, suka yi ta ƙaura zango-zango har suka sauka a kudancin Jan Kogi. Masana sun ƙiyasta cewa sun shafe kimanin shekara 1,300 suna gina waɗannan gonaki, wato tun zamanin daular Tang. Ba sarki ne ya tara leburori aka yi su lokaci guda ba. Kowane gida ne yake ƙara hawa ɗaya ko biyu, ya bar wa na baya.

Saboda nisan wurin da wuyar hanya, sarakunan Sin na daulolin Yuan da Ming da Qing ba su mulki yankin kai tsaye ba. Sun naɗa shugabannin gargajiya na wurin, waɗanda ake kira tusi, suka ba su hatimi, su kuma suna karɓar haraji suna yin shari'a, sarautar tana bin gado. Wanda ya karanta tarihin mulkin Turawa ta hannun sarakuna a Nijeriya ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba. Har yanzu fadar tusi na Mengnong tana nan a yankin Panzhihua na gundumar, masu ziyara suna shiga su gani.

Bayan kafuwar Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949, an kafa gundumar a 1950 da sunan Xinmin, aka sauya mata suna zuwa Yuanyang a 1951. Mulkin tusi ya ƙare a cikin shekarun 1950, aka mayar da noma na gama-gari, sannan a farkon shekarun 1980 aka sake danƙa wa kowane gida gonar da zai noma. A cikin shekarun 1990 aka sauko da hedikwata daga Xinjie zuwa Nansha, saboda barazanar zaftarewar ƙasa a tsohon garin.

Harshe da Al'ada

Wannan ɓangare ya shafe mu a matsayinmu na ɗaliban harshe. Harshen Hani ba karin harshen Sinanci ba ne. Yana cikin reshen harsunan Tibet da Bama, kuma danginsa na kusa su ne Yi da Lahu da Lisu. Ba shi da rubutu sai a 1957, lokacin da aka tsara masa ƙa'idar rubutu da haruffan boko, aka ɗauki karin harshen Dazhai na gundumar Luchun mai maƙwabtaka a matsayin daidaitacce.

Kamar Hausa, Hani harshe ne mai karin sauti. Mu a rubutunmu na yau da kullum ba ma nuna karin sauti, sai mai karatu ya gane daga jimla ko “fari” launi ake nufi ko rashin ruwan sama. Masu tsara rubutun Hani sun bi wata hanya dabam. Da yake gaɓoɓin harshen da wasali suke ƙarewa, sai suka ɗauki wasu baƙaƙe suka maƙala a ƙarshen gaɓa domin nuna kari: “l” na karin sama, “q” na karin ƙasa mai faɗuwa, kari na tsakiya kuwa ba a sa masa komai. Shi ya sa sunan ƙabilar a rubutunsu yake fitowa “Haqniq”, amma ba a furta “q” ɗin.

Wani abin sha'awa kuma shi ne yadda suke riƙe salsala. Ƙarshen sunan uba shi ne yake zama farkon sunan ɗa, ƙarshen sunan ɗa ya zama farkon na jika. Ta haka sunayen suke sarƙewa, dattijo ya iya jero kakanninsa da dama da ka, ba tare da takarda ba.

Al'adunsu ma suna kewaye da gona ne. A saman kowane ƙauye akwai kurmin da ba a sare itace a cikinsa, inda ake bikin Angmatu kafin aikin shuka. Ana bikin Kuzhazha a wata na shida na kalandarsu, sabuwar shekara kuma a wata na goma, bayan girbi. Haramcin taɓa kurmi ya taimaka wajen kare dajin da ruwan gonaki ya dogara a kansa.

Tattalin Arziki

Noma shi ne ƙashin bayan gundumar. A gonakin tudu ana shuka jar shinkafa sau ɗaya a shekara. Ana dashe wajen Afrilu da Mayu, a girbe wajen Satumba da Oktoba, daga nan a bar gonakin cike da ruwa har shekara ta zagayo, domin idan laka ta bushe ta tsage, kunyar za ta rushe. Tarakta ba ta iya hawa wurin, saboda haka da ɓaunar gida ake huɗa, a kuma ɗauko amfanin gona a baya ko a kan doki. A cikin ruwan gonar ana kiwon kifi da agwagi, waɗanda suke cinye ƙwari da ciyawa su bar taki. A kwari mai zafi kuwa ana noman rake da ayaba da mangwaro, a inuwar daji kuma ana shuka wani kayan ƙamshi na miya da ake kira caoguo. Akwai kuma ma'adinin zinariya a yankin Daping.

Duk da haka, kyawun gona bai hana talauci ba. Jar shinkafa ba ta yabanya kamar irin zamani, aikinta kuma yana da yawa. Yuanyang ta daɗe cikin jerin gundumomi masu fama da talauci na ƙasar, sai a 2020 aka fitar da ita.

Yawon buɗe ido ya buɗe wata ƙofa. Hotunan da Bafaranshe Yann Layma ya ɗauka a shekarun 1990 sun taimaka wajen sanar da duniya wurin. A 2010 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa gonakin cikin muhimman tsare-tsaren noma na gado. A 2013 kuma hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya, fili mai hekta 16,603 da ƙauyuka 82, wanda ya ƙunshi Bada da Duoyishu da Laohuzui. Irin wannan matsayi Sukur ta jihar Adamawa ta samu a 1999, ita ma da gonakinta masu hawa-hawa a duwatsun Mandara.

Matsalolin da ke Gaba

Babbar matsala ita ce ƙaurar matasa. Abin da saurayi zai samu a wata kaɗan yana aikin gini a Gejiu ko Kunming ya fi abin da gona za ta ba shi a shekara. Ƙidayar 2010 ta nuna mutanen gundumar sun kusa dubu 400, amma ta 2020 ta nuna kimanin dubu 360. Gonakin kuwa a haɗe suke. Idan mutum ɗaya ya yi watsi da tasa, ko ya daina shinkafa ya koma masara, ruwan na ƙasa da shi ya yanke. Ban da wannan, an yi fama da wani ƙwaron ruwa ɗan'uwan jatan lande da aka shigo da shi daga waje, wanda yake huda kunya, sannan a 2018 zaftarewar ƙasa ta lalata wani sashe na gonakin Laohuzui. Gidajen gargajiya masu jinka, waɗanda ake kamantawa da laimar kwaɗi, su ma suna ba gidajen siminti wuri.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka gwada ita ce ta ƙauyen Azheke. A 2018 masana daga Jami'ar Sun Yat-sen, ƙarƙashin Farfesa Bao Jigang, suka haɗa kai da hukumar gunduma aka kafa kamfanin yawon buɗe ido na ƙauyen, wanda kashi 70 cikin ɗari na ribarsa yake zuwa ga mutanen ƙauye. Wajen rabo, wanda ya riƙe gidansa na gargajiya kuma yake noma gonarsa shi ne mai kaso mafi tsoka. Manufar ita ce a saka wa wanda ya zauna ya ci gaba da aikin da baƙi suke zuwa kallo.

Kammalawa

Mun ga yadda tsayin ƙasa ya tsara mazaunin ƙabilun Yuanyang, da yadda daji da ƙauye da gona da kogi suke riƙe da juna, da kuma yadda tarihi ya kawo gundumar daga hannun tusi zuwa yau. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gonakin Hani sun tabbatar da haka, domin ruwan kowa ta gonar maƙwabcinsa yake biyowa. Kuɗin baƙi zai iya gyara hanya da gida, amma kunya sai an sami mai shafa mata laka duk shekara. Makomar waɗannan gonaki tana ga ko matasan Hani za su sami abin da zai riƙe su a gida.