Hayaƙin da ke Ɓoye a Saman Hazon Hunturu

A ƙauyukan Dambatta, Bichi da Minjibir na jihar Kano gona na manne da gona, ba a bar dajin da wuta za ta ci ba. Da an gama girbi ake kwashe kara da harawa, na danni da na dabbobi. Duk da haka, hazon da ke lulluɓe arewa daga Disamba zuwa Fabrairu ba ƙura ce zalla ba, akwai hayaƙin ƙunar daji da ke tasowa daga kudu.

Na'urar da ke bambance ƙurar da hayaƙin ana kiranta lida. Tana harba hasken leza zuwa sama, hasken ya bugi ƙwayoyin da ke yawo a iska ya dawo, kamar amsa-kuwwa. Da yake haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo shi ke nuna tsayin da ƙwayoyin suke. Ƙwayar ƙura tana da kusurwoyi, don haka takan karkatar da tsarin hasken sosai. Ta hayaƙi ƙarama ce, ta fi kusa da mulmulalliya, kuma karkatarwarta kaɗan ce.

A watannin Janairu da Fabrairu na 2006, masana suka yi sansani a Yamai da jirgin bincike da na'urorin lida, a wani aiki mai suna DABEX. Sun tarar da ƙurar Sahara, irin wadda ke tashi daga kwarin Bodele na Chadi, ta kwanta a kilomita biyun farko, hayaƙi kuma ya hau samanta har wajen kilomita biyar.

A Afrilun wannan shekarar ne Amurka da Faransa suka harba tauraron ɗan'adam CALIPSO, wanda ya riƙa haska lezarsa daga sama har 2023. A Mayun 2024 Turai da Japan suka harba EarthCARE, shi ma da lida.

Wannan awo ya shafi manomin Kano kai-tsaye. Baƙin hayaƙi na shanye hasken rana, ya ɗumama iskar sama, ya rage hasken da ke isa gonakin noman rani. Ƙurar da ke ƙasa kuwa ita mutane ke shaƙa, ita ke tayar da asma, ita ke hana jirage sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Masu hasashen yanayi na hukumar NiMet na buƙatar sanin tsayi da kaurin kowannensu kafin su ja kunnen jama'a.