Sifirin Farko a Adireshin Kwamfuta: Illarsa da Hanyar Cire Shi

1.0 Gabatarwa

A zamanin wayar tarho ta girke, lambar garin Bauchi ita ce 077. Mai bugowa daga ƙetare yakan jefar da sifirin, ya buga 234 sannan 77. Wannan ya sa jama'a suka ɗauka cewa sifirin farko ba ya sauya ƙimar lamba. Wannan maƙala za ta nuna cewa a adireshin kwamfuta abin ba haka yake ba.

2.0 Tushen Matsalar

Tsarin IPv4, wanda aka tabbatar a 1981, ya raba adireshi gida huɗu, kowane gida daga 0 zuwa 255. A ɗauka wani ma'aikaci a ɗakin kwamfuta a Bauchi ya jera adiresoshi, ya cike kowane gida da sifiri don jerin ya yi kyau, ya rubuta 192.168.001.077. Manhajoji da dama sun gaji wata ƙa'ida daga harshen C, wadda ke ɗaukar duk lambar da ta fara da sifiri a matsayin ƙirgen takwas-takwas, ba goma-goma ba. Ke nan 077 ta zama bakwai sau takwas da bakwai, wato 63. Sai saƙon ya tafi wata kwamfuta dabam, mai shi bai sani ba. Ita kuwa 08 ko 09, ƙin karɓarta ake yi, domin babu takwas ko tara a wannan ƙirge.

3.0 Hanyar Gyara

Bash, wato manhajar karɓar umarni da Brian Fox ya fitar a 1989, tana warware matsalar da layi biyu:

IFS=. read a b c d
echo $((10#$a)).$((10#$b)).$((10#$c)).$((10#$d))

Layin farko yana yanka adireshin a kowane ɗigo. Na biyu yana tilasta karanta kowane gida da ƙirgen goma. Fa'idar wannan hanya ita ce 000 takan koma 0, 100 kuma ta tsaya yadda take, saɓanin goge sifiri barkatai.

4.0 Kammalawa

A 2021 masu kula da harshen Python suka hana karɓar irin wannan adireshi, saboda ɓarayin intanet na iya fakewa da shi su tsallake shingen tsaro. Don haka ya wajaba a tace jerin adiresoshi kafin a miƙa wa na'ura. Hausawa dai sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.