Ina Ɗan Daura Zai Je Ya Ga Tashin Roka Da Idonsa?

Bidiyon tashin rokokin SpaceX ya cika TikTok da Facebook, har wasu matasa a Daura suna tambaya ko akwai inda mutum zai je ya tsaya ya kalli abin da idonsa. Akwai, amma ba a Najeriya ba. Har yau ba a taɓa harba roka zuwa falaki daga ƙasar nan ba.

Namu ma daga waje aka harba su

NigeriaSat-1, tauraron ɗan'adam na farko da Najeriya ta mallaka, ya tashi ne daga Plesetsk a Rasha a watan Satumban 2003. NigComSat-1 ya tashi daga Xichang a ƙasar Sin a 2007, haka ma magajinsa NigComSat-1R a Disambar 2011. Hukumar NASRDA tana da cibiyar binciken roka a Epe ta Jihar Legas, amma aikinta bai kai ga aika kaya falaki ba. A Afirka an taɓa yi: Faransa ta harba tauraronta na farko daga Hammaguir a hamadar Aljeriya a 1965, Italiya kuma ta yi ta harbawa daga gaɓar Malindi a Kenya. Dukkansu sun daina.

Akwai dalilin da ya sa ake son bakin teku. Roka takan yar da sassanta tana cikin tafiya, don haka an fi so su faɗa ruwa maimakon kan gidajen jama'a. Sannan duniya tana juyawa zuwa gabas da gudun kusan kilomita 1,670 a awa a tsakiyarta, rokar da ta nufi gabas kuwa tana samun wannan gudun a kyauta. Daura ba ta da nisa sosai da tsakiyar duniya, sai dai gabashinta garuruwa ne da gonaki.

Wuraren da ake barin 'yan kallo

Florida a Amurka ce kan gaba, domin a can SpaceX take yawan harba Falcon 9. Cibiyar Kennedy tana sayar da tikitin kallo, amma a garin Titusville mutum zai iya tsayawa a bakin ruwa ya kalla kyauta. A Indiya, hukumar ISRO ta gina dandalin 'yan kallo a Sriharikota, kuma sai an yi rajista ta intanet kafin ranar. A Sin, jama'a kan cika bakin teku a Wenchang da ke tsibirin Hainan. Akwai kuma Kourou a Kudancin Amurka, inda Turai take harba Ariane 6. Ɗaliban da ke karatu a Indiya ko Sin su ne suka fi kusa da wannan dama, amma baƙo ya fara bincika ƙa'idar shiga da fasfo ɗin wata ƙasa.

Abin da ya kamata mai zuwa ya sani

Ranar harbi ba alkawari ba ce. Iska, hadari ko 'yar matsala a inji kan sa a ɗage, wani lokaci saura daƙiƙoƙi. Wanda ya kashe kuɗin biza da jirgi don kwana ɗaya tak yana iya dawowa bai ga komai ba, shi ya sa ake ware kwanaki da dama, a kuma zaɓi makon da aka tsara harbi fiye da ɗaya. Manhajar Next Spaceflight tana nuna jadawalin da duk canjin da aka yi.

Mai kallo zai ga wuta kafin ya ji ƙara, saboda sauti na cin kusan daƙiƙa 3 a kowace kilomita. Daga nisan kilomita 15, sai bayan kamar daƙiƙa 45 rugugin zai iso. Kyamarar waya ba ta ɗauko abin da kyau daga nesa. A kafa ta a gefe tana ɗauka, a bar ido ya yi kallo.

Abin da ake iya gani daga Daura

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana bi ta saman Daura, a nisan kusan kilomita 400, kuma tana zagaye duniya cikin kimanin minti 90. Ana ganinta da ido bayan magariba ko da asuba, kamar tauraro mai haske yana tafiya ba tare da ƙiftawa ba. Idan mutum ya sa Daura a shafin Heavens-Above, zai ga ranar da za ta wuce, da mintin, da kuma ɓangaren da za ta ɓullo. Shafin yana kuma nuna taurarin Starlink, waɗanda kan jeru kamar carbi a kwanakin farko bayan an harba su. A fita bayan gari inda babu fitilu, a kuma guji daren da hazon hunturu ya rufe sama.

NASA tana nuna harbinta kai tsaye a YouTube, SpaceX kuma a shafinta da X. Idan an rubuta lokaci da UTC, a ƙara awa ɗaya a samu agogon Najeriya. A yi hattara da tashoshin bogi masu maimaita tsohon bidiyo suna cewa a tura kuɗin kirifto za a ninka. Babu hukumar da ke yin haka.